Datsau a Ɗakin Babana

Litinin, bayan azahar

An kawo shi. A bayan motar albasa anka shimfiɗo shi, an lulluɓe shi da tabarma kamar kayan sata. Ni da direba munka shigo da shi ta ƙofar baya. Ba shi da nauyi, kuma wannan ya ba ni haushi. Baffa Tambari, wan mahaifina, mutumin da ya riƙe mabuɗin ƙofar ruwan kanal a ƙasan dam ɗin Goronyo tun ina firamare, wanda in ya yi tari manoma ke miƙewa tsaye, yau na ɗauke shi kamar buhun ƙaiƙayi.

Har yanzu akwai laka cikin kunnensa. Ya kwana biyu a asibiti, ba wanda ya duba kunnen.

'Ya'yansa suna Sakkwato. Babban ya bugo waya ya ce gidansu bai dace ba a wanga lokaci, idon mutane na kansu, nan Wurno ya fi sirri. Inna Azumi, mahaifiyata, ta ce a sa shi ɗakin Baba. Na ce, "Inna, ɗakin Baba?" Ta ce, "Akwai wani ɗaki cikin gidanga da ban sani ba?"

Yau ya kamata in zauna in rubuta Datsau. Duk Juma'a bayan la'asar muna wasan labari a shagon Yusha'u mai gyaran waya. Ni ke faɗin ƙasar da abin da ke cikinta, su kowa da mutumin da yake ɗauka, in abu ya zo na sa'a a jefa ɗan lido. Yusha'u maƙeri ne a wasan, mai takobi. Bube, malamin dabbobi da ke zuwa daga Rabah, makiyayi ne. Bara sunka kayar da Datsau, abin bautar mutanen Baƙin Gulbi, wanda ya datse gulbi ya riƙa ba da ruwa ga mai yi mishi sujada kaɗai. Yanzu suna son su san inda ya faɗa da abin da ya zama. Na yi musu alkawari.

Ban rubuta komi ba. Ɗakin na wari.

Talata, da hantsi

Malamin asibiti ya nuna mini yadda ake juya shi da yadda ake sa leda ƙarƙashin zane. Ɓarin hagu ya shanye. Baki ya karkace, yawu na bin gemu. Magana kaɗan ke fita, kuma duk wadda ta fito umarni ce. "Ruwa." "Ɗaga." "Kai." Ba "don Allah", ba "sannu".

Na wanke shi. Ba zan rubuta yadda abin yake ba. Na wanke hannu da omo, na sake da toka, na tafi makaranta na koyar da ƙa'idojin rubutu ina jin warin a jikin alli.

Laraba, da magariba

Na wanke hannu har fata ta yi fari.

Alhamis, bayan la'asar

Na ɗauko zanen Datsau na bara. Ƙahoni, ido na wuta, murya kamar aradu, tsawo ya kai giginya. Shirme. Yaro ma ba zai ji tsoron wannan ba, dariya zai yi. Kuma in ya faɗi, mi ya rage? Katon abu kwance. Ba labari a nan.

Inna ta leƙo ta ga zanen.

"Wanga mi na na?"

"Gunki na, Inna, na cikin labari. Ƙarya ta, ba a bauta mai."

"A'uzu billahi. Mutum da girmanai, malamin makaranta, shina zanen ƙaho." Ta ƙara kallon takardar. "Kuma ba hakanga suke ba. Ba su da ƙaho."

Ta koma ta dama mishi kunu.

Juma'a, bayan magariba

An yi wasa. Ban kai su wurin Datsau ba, na ɓatar da su cikin wata fadama mai sauro da kadoji, don ban da abin da zan nuna musu. Yusha'u ya gane. Ya ce, "Malam Siddiƙu, yau yawo kaka yi da mu." Na yi dariya.

Da munka tashi sai Bube ya ce ya ga bidiyon Baffa. Kowa ya gani, yana yawo a wayoyi tun ranar da manoma sunka yi mishi bore a ƙofar ruwa har ya faɗi cikin laka. Ni ban kalla ba, ba zan kalla ba.

Bube ya san Baffa baffana ne, kuma tun da munka haɗu bai taɓa ɗora mini laifinsa ba. Rugarsu tana wajen Shinaka da. Baffa ya toshe mashayar da shanunsu ke sha, ya mai da wurin gonar shinkafarsa. Bazarar nan shanu sunka yi ta faɗuwa a hanyar neman ruwa. Mahaifinsa, Malam Atiku, ya sayar da sauran, ya ƙare mai gadi a ƙofar gidan wani a Rabah, har ya rasu.

"Ban ji daɗi ba," in ji Bube. "Ban ji baƙin ciki ba. Na dai yi ta maimaita kallo. Wurin da hula tai ta hwaɗi cikin ruwa." Ya juyo gare ni. "Ka yi haƙuri, jininka na. Ina shike yanzu?"

"An ce Sakkwato," in ji Yusha'u.

Na jefa ɗan lido alhali wasa ya ƙare.

Lahadi, da hantsi

Maigandi ya zo. Shi ne mai riƙe wa Baffa buta da lema shekara da shekaru, shi ke zuwa gona gona ya ce Alhaji ya ce yau ba ruwa. Masu kallon bidiyo sun ce hannun da ya fizge hular nan hannunsa ne. Ban san yadda ya gano gidanmu ba.

Ya zo da dabino da kwalbar turare. Ya durƙusa bakin katifa har goshinsa na neman ƙasa.

"Allah shi ja zamaninka, Alhaji. Maƙiya sun ji kunya. Tun da kat tahi ruwa bai san hanya ba."

Idon Baffa na dama, mai ran, ya haska. Wallahi ya haska. Ya yi ƙoƙarin gyara zama. Ni da nake kwashe ƙazantarsa safe da yamma bai taɓa kallona haka ba.

Da munka fito zaure Maigandi ya tofar da yawu, ya goge hanci da hannun riga.

"Kana ƙoƙari, malam. Ni ba ni iyawa." Sai ya rage murya. Kanal ya rikice, kowa na fasa gefe ya ja ruwa gonarsa, za a yi taro a zaɓi mai riƙe mabuɗi. "Sunan Alhaji har yau shina da nauyi. In anka gane shi zaune kawai..."

Na ce mutumin nan ko zama bai iyawa. Ya ce, "Ai akwai kujera mai hannu."

Na zubar da dabinon a akurkin kaji. Turaren na fesa a ɗaki. Yanzu ɗakin na warin abu biyu.

Litinin, bayan azahar

Na tsaya ina kallon Inna tana ba shi kunu. Cokali, ta goge baki, cokali, ta goge baki.

Lokacin da anka raba filayen noman rani, Baba ya sami nasa daf da kanal. Baffa ya so filin. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ruwa dai ya daina zuwa, rani ya bi rani, har Baba ya sakar mishi. Mun dawo Wurno Baba na ɗaukar buhunan tafarnuwar wasu a kasuwa. A wanga ɗaki ya rasu, a kan wagga katifa.

A tsakar gida na ce, "Inna, kin yafe mai ke nan?"

"Wa yac ce maka?"

"To don mi?"

"Ubanka bai iya riƙo ba. Da shina raye da shi za shi ba shi kunun da hannu nai, shina murmushi. Don shi nika yi." Ta ɗauraye cokalin. "Ni na iya riƙo. Ina ba shi kunu, ina riƙe."

Talata, da safe

Ya ɓata shimfiɗa sau biyu kafin in tafi makaranta. Na biyun yana kallona.

Laraba, bayan la'asar

Na rubuta shi. A zama ɗaya ya fito, kamar amai.

Datsau ba kato ba ne yanzu. Da anka daina yi mishi sujada sai ya yi ta motsewa har ya koma girman tsoho. Yana kwance a busasshen cikin gulbin da ya datse, ɓarinsa ɗaya ya zama yumɓu. Laka kewaye da shi amma ba ya iya sha. Hannunsa mai rai na ta murɗa mabuɗin da babu shi. Bayinsa na da suna zuwa su yi mishi kirari da rana, su ɓanɓari yumɓun jikinsa su tafi da shi, don har yanzu akwai sauran iko a ciki.

Sai na ƙara wani abu. Na sa yana ambaton sunayen duk waɗanda ya kashe da ƙishi, ɗaya bayan ɗaya, yana kuka. Ban san dalilin da ya sa na ƙara ba. Ta yiwu don in iya shiga ɗakin gobe.

Juma'a, bayan magariba

Da ban je ba.

Na kai su gulbin. Na rage murya kamar yadda nake yi in abu ya yi nauyi. Na ce kun ishe shi kwance, laka cikin kunnensa, baki a karkace, yawu na bin gemu ta hagu, yana kiran sunaye. Yusha'u ya ja kujera baya. "Kai! Wanga ya hi mai ƙaho ban tsoro."

Bube bai taɓa ɗan lido ba.

"Ta hagu," ya ce.

Na ce i.

"Laka cikin kunne. Wa ka ganin laka cikin kunnen mutum in ba mai wanke shi ba?" Ya dube ni. "Shina gidanku."

Ba tambaya ba ce.

"Wancan mako kana zaune nan ina tambaya, kay yi shiru."

"Bube, ba wanda za shi karɓe shi."

"Ban ce ka jehwa shi titi ba. Uwarka ta, gidanta na, ta yi abin da tag ga dama. Amma ka ɓoye man, sa'annan ka kwaso shi ka kawo man nan, ka sa mai hawaye, in yi wasa da shi?"

Ya tada mashin ya tafi. Yusha'u ya tattara takardun ya miƙo mini.

Asabar, da azahar

Na kira Bube. Bai ɗauka ba.

Lahadi, da la'asar

Bai ɗauka ba. Babban ɗan Baffa ya aiko da saƙo: yaya jikin Alhaji, Allah ya ba da lada. Da hoton hannu biyu na addu'a. Na ajiye wayar na je na shanya leda.

Talata, da magariba

Ban san wanda na fi ƙyama ba, shi, ko su, ko mai zanen ƙaho.

Alhamis, bayan isha'i

Ina cikin aji Inna ta kira. Ba ta taɓa kirana a makaranta ba.

"Sun tahi da shi."

Maigandi ne da wasu ƙarti. Sun ce 'ya'yansa sunka aiko a kai shi asibiti, sai ga babbar riga da rawani sun fito daga jaka. Ta ce musu, "Wane asibiti aka zuwa da rawani?" Sunka raɓa ta sunka wuce.

"Kuma shina murna, Siddiƙu," ta ce. "Shina murna."

Yusha'u ya rufe shago ya ɗauke ni a mashin, munka nufi taron zaɓen mai riƙe mabuɗi. Hanyar ta bi gefen kanal. Gonakin ƙarshe albasa ta ƙone ta kwanta, ƙasa ta tsage. Da muna matsawa sama shinkafa kore shar, ruwa har ya malala kan hanya.

Mun iso taro ya watse. Wani mai sayar da rake ya ba mu labari. An zaunar da Baffa gaban jama'a, Maigandi ya kama hannunsa mai rai ya ɗaga sama, ya ce a lasifika Alhaji ya miƙa mishi amana. Wasu sunka yi ihu, wasu sunka yi tafi, masu tafin sun fi yawa. Sai anka ɗunguma ƙofar ruwa da kalangu. Masu rumfa sunka kwance rumfarsu sunka loda a mota.

Shi kaɗai anka bari tsakiyar fili, kan kujerar roba, cikin rana. Ya zame gefe, rawani ya warware ya rataye a wuya. Ƙarƙashin kujerar ƙasa ta jiƙe. Ƙudaje. Samari na kewaye da shi da wayoyi, wani na cewa, "Alhaji, ɗan yi muna tari."

Bube na tsaye gabansa. Ashe ya rako dattawan makiyaya ne kan maganar mashaya, ba a ma ba su lasifika ba. Bai ga isowarmu ba. Ya durƙusa har fuskarsa ta yi daidai da ta Baffa.

"Alhaji, ka gane ni? Ni na ɗan Atiku. Atiku na rugar Shinaka, mai shanun da kat toshe ma mashaya."

Baffa ya dube shi da idon nan ɗaya. Ya daɗe. Bakin ya motsa, na ji da kunnena.

"Wane... Atiku?"

Ba wulaƙanci yake yi ba. Da wulaƙanci ne da ya fi. Bai sani ba ne kawai.

Bube ya zauna a kan dugadugansa, ya yi wata 'yar dariya da ban so ji ba. Sai ya miƙe ya daka wa samarin tsawa da muryar da ake kora shanu, sunka watse. Nan ya gan ni.

"Riƙe ƙahwahu," ya ce.

Na buɗe baki.

"Kak ka gode man. Ko akuya ba ni bari cikin wagga rana."

Ya tsayar da wata a-kori-kura ta mai tumaki da ya sani. Munka kwantar da Baffa tsakanin tumaki, rigar Bube ta ɓaci har gwiwar hannu. Bai biyo mu ba. Da motar ta tashi na hange shi tsugune bakin kanal yana wanke hannu, yana ta wankewa.

Juma'a, da la'asar

Zazzaɓi ya rufe Baffa. Ba wasa yau. Inna na ta jiƙa tsumma.

Lahadi, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka. A kasuwa na ji wani manomi daga gonakin ƙarshe na cewa tun da Maigandi ya karɓi mabuɗi ko ɗigo ba su gani ba, gara zamanin Tambari, shi ko ba komi an san ranar da yake hanawa. Mutumin na cikin waɗanda sunka tafi ƙofar ruwa ranar da anka fizge hular Baffa, Yusha'u ya nuna mini shi. Na fasa sayen tumatur na dawo gida.

Laraba, bayan la'asar

Na rubuta wa Datsau dogon jawabi, wanda zai yi in an ɗora mishi takobi a wuya. Ya yi kyau. Ko ba mai ji na rubuta.

Juma'a, bayan magariba

Bube ya zo. Ya jingine mashin, ya gai da Yusha'u, ya ɗaga mini kai, ya zauna a kujerarsa.

"Kahin mu hwara, gyara abu guda," ya ce. "Sunayen nan da kac ce shina kira. Ƙarya ta. Bai san su ba. Cire."

Na ɗauki biro na soke a gabansa.

"Kukan ma."

Na soke.

Munka koma gulbin. Na ce ga ku tsaye kansa, ya buɗe ido, zai yi magana. Yusha'u ya ce maƙeri ya zare takobi, ya miƙa hannu zai ɗauki ɗan lido. Bube ya dafe hannun.

"Bar shi. Siddiƙu, datsin da yay yi, har yau shina nan?"

Na ce yana nan, can sama, bayinsa ke gadi.

"Tau can za mu. Makiyayi ya tsallake shi ya wuce."

"Shina magana hwa," na ce.

"Shi yi ta yi."

Yusha'u ya dube ni, ya dubi Bube, ya ce maƙeri ya mai da takobi kube. Sunka tsallake shi sunka yi gaba. Jawabina na nan a hannuna ba wanda ya ji ko kalma. Sauran wasan a kai na ƙirƙira shi, don ban shirya komi a wajen datsin ba, kuma rabon da mu yi wasa mai daɗi haka an jima. Maƙeri ya karya ƙafa, makiyayi ya goye shi.

Da za mu rabu Bube ya ce, "Juma'a ka zo da shiri. Ka gai da Inna." Ita kaɗai ya ce in gaisar.

Asabar, da hantsi

Yau ni na ba shi kunu, Inna na shara a bakin ƙofa. Ya sha da yawa. Ya yi ta kallona, sai ya ce, a fili, kalma uku a jere, abin da bai yi ba tun da anka kawo shi:

"Kai ɗan wa?"

Na ajiye cokalin. Na ce, "Ɗan Junaidu. Ƙanenka. Ɗakinai na kake kwance."

Ya lumshe ido. Na zaci sunan ya ɓace mishi kamar na uban Bube. Sai gefen bakin mai rai ya ɗaga.

"Junaidu," ya ce. "Raggo."

Tsintsiya ta tsaya. Na juya. Inna na tsaye, hannu ɗaya a ƙugu, tana kallonsa daga sama har ƙasa.

"Tau," ta ce. "Sauƙi ya samu. Ƙarasa ba shi, kada kunun shi huce."